Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Labarin Kwantabul Da Ya Hau Kujerar Babban Darakta

A kowane biro, a kowace ma'aikata, a kowace ƙungiyar manoma, akwai mutum guda wanda ba a cika marmarin ganinsa ba sai ƙarshen wata. Shi ne mai riƙe da littafin kuɗi, wanda muke kira kwantabul, maƙwabtanmu na Nijeriya kuma suke kira akanta. Aikinsa shi ne ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya kuma faɗi abin da ya rage, ko shugaba yana son ji ko ba ya so.

Yau za mu duba tarihin wani kwantabul ɗan ƙasar Birtaniya mai suna Fred Goodwin. Wannan mutum ya tashi daga kan littafin lissafi har ya zama babban daraktan wani banki wanda a shekarar 2008 babu bankin da ya kai shi yawan dukiya a rubuce cikin duniya duka. A cikin wannan shekara kuma bankin ya durƙushe, sai da gwamnati ta ɗebi kuɗin talakawa ta tallabe shi. Ra'ayinmu a kan wannan al'amari guda ɗaya ne: gwaninta a lissafi tana iya kai mutum kujerar shugabanci, kuma babu laifi cikin haka, amma ranar da mai lissafi ya koma mai ba da umurni, wajibi ne a aje wani mai lissafin a bayansa, wanda ke da ikon duba littafinsa, ya kuma ce masa a'a.

Daga Paisley zuwa rabon gadon BCCI

An haifi Fred Goodwin a shekarar 1958 a garin Paisley, kusa da birnin Gilasgo, cikin yankin Sikotlan na arewacin Birtaniya. Mahaifinsa ma'aikacin lantarki ne. Ya yi karatun shari'a a jami'ar Gilasgo, sannan ya shiga kamfanin Touche Ross, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ake biya don su binciki littattafan kuɗin wasu kamfanoni. A 1983 ya sami takardar ƙwarewa a aikin kwantabul. A 1988, yana da shekara kusan 30, aka shigar da shi cikin manyan kamfanin masu rabon riba.

Aikin da ya fito da sunansa ya zo ne a 1991. Ran 5 ga watan Yuli na wannan shekara hukumomin ƙasashe da dama suka rufe bankin BCCI, wanda wani ɗan Pakistan mai suna Agha Hasan Abedi ya kafa a 1972, kuma wanda ke da rassa a ƙasashe sama da 70, har da ƙasashen Afirka kamar Nijeriya, Kamaru da Senegal. An tarar littattafan bankin cike suke da ƙarya: ga bashin da aka rubuta da sunan waɗanda ba su ci ba, ga ajiyar mutane da aka karɓa ba a rubuta ba. Kamfanin Touche Ross aka ɗora wa aikin rabon gadon wannan banki, wato a tattara abin da ya rage na dukiyarsa a ko'ina cikin duniya, a raba wa masu bin bashi. Goodwin yana cikin manyan da suka jagoranci aikin.

Mu riƙe wannan da kyau, domin zai yi mana amfani a gaba. Tun yana saurayi mutumin nan ya gani da idonsa abin da ke faruwa idan littafi ya faɗi abu ɗaya, akwatin kuɗi kuma ya faɗi wani. Babu wanda zai ce bai san yadda banki ke mutuwa ba.

Cinikin da ya ɗaga shi sama

A 1995 ya bar aikin bincike ya koma bankin Clydesdale, cikin ɗan lokaci kuma ya zama shugabansa. A nan ne ma'aikata suka laƙa masa wani suna da Ingilishi mai ma'anar "Fred mai daddatsawa", saboda yadda yake datse kashe kuɗi da rage ma'aikata ba tare da tausayi ba. A 1998 Royal Bank of Scotland, wanda ake taƙaita sunansa RBS, ya ɗauke shi mataimakin babban darakta. RBS tsohon banki ne na birnin Edimbura, an kafa shi tun 1727.

A shekarar 2000 RBS ya yi abin da ya ba jama'a mamaki: ya saye bankin NatWest na Landan, wanda ya ninka shi girma fiye da sau biyu, a kan kuɗi kimanin fam miliyar 21. Goodwin ne ya zauna ya tsara, dalla-dalla, inda za a haɗe ofisoshi, inda za a haɗe na'urori, da inda za a rage mutane. An soke guraben aiki 18,000. Abin da ya lissafa kuwa ya fito daidai, riba ta ƙaru, bayan cinikin kuma aka ɗora shi kan kujerar babban darakta.

Daga nan sai yabo ya yi ta zuba. Mujallar Forbes ta zaɓe shi gwarzon ɗan kasuwa na shekarar 2002. A 2004 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar "Sir" saboda hidimar da aka ce ya yi wa aikin banki. Shi kuma bai daina saye ba: kamfanin inshora na Churchill a 2003, bankin Charter One na Amurka a 2004 a kan dalar Amurka sama da miliyar 10, da wani kaso cikin Bank of China a 2005. A 2005 ɗin ne aka buɗe sabuwar hedkwatar bankin a Gogarburn, bayan garin Edimbura, wadda ta ci fam miliyon 350.

Ya kamata a yi masa adalci a nan. Cinikin NatWest aikin gwani ne, kuma aikin kwantabul ne tsantsa: banki ne na ƙasarsu, kasuwa ce da ya sani, abin da ake bukata shi ne a ƙirga kashe kuɗi a rage shi. Matsalar ita ce nasarar ta sa shi da waɗanda ke kewaye da shi sun ɗauka duk abin da ya taɓa haka zai fito. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun ba da labarin taron da yakan yi da manyan ma'aikata kowace safiya, inda yakan tsare mutum da tambayoyi har ya kunyata shi a gaban ƴan'uwansa. A irin wannan zama, mai labari maras daɗi yakan haɗiye abinsa.

Cinikin biri a sama

A 2007 RBS ya haɗa kai da bankin Fortis na Beljiyam da Holan da bankin Santander na Sipaniya don su saye babban bankin Holan mai suna ABN AMRO, su raba shi uku. Bankin Barclays na Ingila shi ma yana nema, sai abin ya koma takara. Kuɗin da ƙawancen ya biya ya kai yuro miliyar 71, wato sama da miliyar dubu 46 na sefa. Har zuwa lokacin ba a taɓa sayen banki da tsada haka ba.

Abubuwa uku sun isa su tsai da duk mai lissafi. Na farko, yankin da RBS ya fi kwaɗayi cikin ABN AMRO shi ne reshensa na Amurka mai suna LaSalle, shi kuwa an riga an sayar da shi ga Bank of America tun ana tsakiyar ciniki. Na biyu, shugabannin ABN AMRO ba sa son wannan ƙawance, saboda haka ba su buɗe masa littattafansu ba. Rahoton da hukumar sa ido kan bankunan Birtaniya, FSA, ta fitar a watan Disamba 2011 ya nuna cewa bayanan da RBS ya samu ya duba ba su wuce manyan fayil biyu da faifan kwamfuta ɗaya ba. Na uku, hadari ya riga ya haɗu. A watan Agusta 2007 bankunan duniya suka fara ƙin ba juna rance saboda ruɓaɓɓen bashin gidaje na Amurka, a watan Satumba kuma mutane suka yi dogon layi a ƙofar bankin Northern Rock na Ingila suna kwashe ajiyarsu. Duk da haka a watan Oktoba aka kammala cinikin.

Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Abin takaici shi ne wanda ya yi cinikin mutum ne da ya ci abinci shekaru da yawa da binciken littattafan wasu. Da a ce wani ɗan kasuwa ya zo ofishinsa a 1988 ya ce zai sayi kamfani bai ga littafinsa ba, da shi da kansa zai hana shi.

Akwai kuma maganar inda kuɗin suka fito. Ga yadda banki ke tafiya: yawancin abin da yake ba da rance ba nasa ba ne, ajiyar mutane ce da rancen da shi ma ya ciwo. Abin da ke nasa na gaskiya shi ne jarin masu hannun jari, kuma wannan jari shi ne garkuwa idan wasu masu cin bashi suka kasa biya. RBS ya bar garkuwar nan ta yi siriri ƙwarai, domin jari kaɗan yana sa ribar kowane hannun jari ta yi kyau a takarda. Rahoton FSA ya lissafa cewa, da ma'aunin da aka kafa daga baya, jarin gaskiya na bankin a ƙarshen 2007 bai wuce kashi 2 cikin 100 na dukiyar da ya sa cikin haɗari ba. Daɗin daɗawa, yawancin kuɗin da ya biya nasa kason na ABN AMRO rance ne na gajeren lokaci. Kamar mutum ne ya ranci kuɗi a kan zai biya ran kasuwa mai zuwa, ya sayi garka wadda itatuwanta ba za su yi ƴaƴa ba sai bayan shekara biyar. Muddin mai rance yana sabunta masa, yana zaune lafiya. Ranar da ya ce a ba shi abinsa, magana ta ƙare.

Ranar da akwati ya ƙare

A watan Afrilu 2008 bankin ya nemi masu hannun jarinsa su ƙaro fam miliyar 12, a kan fam 2 kowane sabon hannun jari. Cikin waɗanda suka saya akwai ma'aikatan bankin da tsofaffi masu ajiyar fansho, waɗanda suka yarda da sunan gidan. Ran 15 ga Satumba bankin Lehman Brothers na Amurka ya rushe, kasuwar rance ta ƙafe. Ran 7 ga Oktoba shugaban majalisar gudanarwar RBS, Tom McKillop, ya buga wa ministan kuɗi Alistair Darling waya, ya sanar da shi cewa kuɗin bankin za su ƙare cikin ƴan awoyi.

Gwamnati ba ta da zaɓi. Dukiyar da ke rubuce a littafin RBS ta wuce fam miliyar dubu 2, wato ta fi abin da dukan ƙasar Birtaniya ke samarwa a shekara. Da an bar shi ya faɗi, da miliyoyin mutane sun wayi gari ba su iya cire albashinsu. Ran 13 ga Oktoba aka ba da sanarwar tallafin farko, aka kuma ba da sanarwar saukar Goodwin. Jimlar abin da gwamnati ta zuba ta kai fam miliyar 45 da rabi, kason da ta mallaka kuma ya kai kashi 84 cikin 100. Asarar bankin ta shekarar 2008 ta kai fam miliyar 24, wadda babu kamfanin Birtaniya da ya taɓa yin irinta. A watan Janairu 2009, wanda ya zuba fam 100 cikin sababbin hannayen jarin nan ya tarar abin da ke hannunsa bai kai fam 6 ba. Ma'aikata dubun dubata suka rasa aikinsu a shekarun da suka biyo baya.

Shi kuwa Goodwin ya fita da fansho na kimanin fam 700,000 a shekara. Jama'a suka fusata, har wasu suka farfasa tagogin gidansa a Edimbura a watan Maris 2009. Daga baya ya yarda aka rage fanshon zuwa kusan rabi. A watan Fabrairu 2009 ya nemi gafara a gaban kwamitin majalisar dokoki, a farkon 2012 kuma aka tuɓe masa sarautar da aka ba shi a 2004. Wajibi ne mu faɗi cewa ba a taɓa gurfanar da shi a kan sata ko zamba ba, hukumar FSA ma ba ta sami hujjar hukunta shi ba. Abin da aka tabbatar shi ne munanan shawarwari.

Laifin wa?

Wani zai ce: to, ai ga hujja, kada a ƙara ba kwantabul shugabanci, domin ya san farashin kome amma bai san sana'ar ba. Ba mu yarda da wannan magana ba. Douglas Flint shi ma ɗan Gilasgo ne, shi ma kwantabul ne. Ya riƙe littafin kuɗin bankin HSBC daga 1995 zuwa 2010, sannan ya shugabanci majalisar gudanarwarsa har 2017. HSBC yana da nasa kurakurai, har Amurka ta ci shi tarar dala kusan miliyar 2 a 2012 saboda sakaci da kuɗin haram, amma a rikicin 2008 bai karɓi jarin gwamnati ba. Ashe ilimin lissafi ba shi ne cutar ba.

Wani kuma zai ce tsautsayi ne, guguwa ce ta taso daga Amurka ta kada kowa. Gaskiya ne guguwar ta taso, kuma ta taɓa kowa. Amma ba kowane ɗaki ta yaye wa jinka ba. Ta fi yin ɓarna inda aka bar ginshiƙi ya yi rauni, kuma raunin ginshiƙin RBS aikin hannu ne.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Goodwin bai sa hannu shi kaɗai ba. Majalisar gudanarwa, wadda ke cike da manyan mutane masu ƙwarewa, ta amince da cinikin ABN AMRO. Masu hannun jari sun jefa ƙuri'a, sama da kashi 90 cikin 100 suka ce a saya. Hukumar FSA da kanta ta amsa cikin rahotonta cewa sa idon da ta yi bai isa ba, domin a zamanin nan ra'ayin da ke ci a Landan shi ne a sassauta wa bankuna. Rahoton ya kuma ɗaga tambaya a kan ko salon shugabancin babban daraktan ya hana a yi masa gardama yadda ya kamata. Jaridun da suka yi ta zaginsa a 2009 su ne suka yi ta yabonsa a 2002. Hukumar da ta tuɓe rawani ita ce ta naɗa shi. Tuɓe rawanin ya sanyaya zuciyar jama'a, amma bai mai da ko fam ɗaya cikin baitulmali ba, kuma ya ba sauran masu hannu cikin lamarin damar fakewa a bayan mutum guda.

A ganinmu tushen abin shi ne wannan: kowa ya saki jiki domin wanda ke kan kujera gwanin lissafi ne. Majalisa ta ce ai ya lissafa. Masu hannun jari suka ce ai shi ne ya yi NatWest. Hukuma ta ce ai majalisa ta duba. Takardar ƙwarewarsa, wadda ya kamata ta zama dalilin tsananta bincike, sai ta zama dalilin barin bincike. Shi kuma, kamar kowane wanzami, ba ya son jarfa. Mutumin da ya saba tambayar wasu ina rasit bai saba a tambaye shi ba.

Abin da ya kamata mu riƙe

Kuɗin da ake magana a kansu a nan sun fi ƙarfin tunaninmu, amma ƙa'idar ɗaya ce da ta akwatin ƙaramar ƙungiya. Kwantabul yana da amfani ne saboda ba shi ke sha'awar sayen ba. Yana gefe, yana ƙirga, idonsa a sanyaye. Ranar da ya zama shi ne mai sha'awar, shi ne mai takara da abokin hamayya, shi ne wanda za a yaba wa idan ciniki ya faɗa, to, idon nan ya tafi, ko da iliminsa yana nan. Babu mutumin da ke iya zama alƙalin kwaɗayin kansa.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara ga duk wanda aka ɗora wa amanar dukiyar jama'a, babba ko ƙarami. Wanda ke ba da umurnin fitar da kuɗi daban, wanda ke rubutawa daban, kuma mai rubutawa ya kasance yana da wurin da zai kai ƙara wanda ba ofishin shugabansa ba. Kada a sayi abin da ba a ga littafinsa ba, komin sunan mai sayarwa, komin gaggawar da aka ce akwai. Kada a ci bashin kwana kaɗan don aikin shekaru. Nasarar bara kuma ba ta zama rasit na bana ba. Shugaban da ya yi daidai sau goma, a duba lissafinsa na goma sha ɗaya kamar yadda aka duba na farko.

Ku kuma da kuka koyi karatu da lissafi da girmanku, kada ku raina abin da ke hannunku. Idan an karanta rahoton kuɗi a taron ƙungiya, ku nemi a nuna muku littafin, ku tambayi abin da ba ku gane ba. Shugaba na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ji haushi kuwa, ya ba ku dalilin sake tambaya.

Bankin RBS ya sauya suna a 2020, ya koma NatWest Group, wato ya ɗauki sunan bankin da ya saye a 2000. Gwamnatin Birtaniya ba ta gama sayar da hannayen jarinta ba sai a watan Mayu 2025, kusan shekara 17 bayan tallafin, kuma abin da ta maido ya gaza abin da ta zuba da fam miliyar 10 da rabi. Wannan gibi masu biyan haraji ne suka cike shi, mutanen da ba a shawarce su ba ranar da za a yi cinikin. In kunne ya ji, jiki ya tsira.